Sulochana Tai, Lauyar 'Yan Fansho, Za Ta Rufe Ofis

Kullum ƙarfe tara na safe Sulochana Bhide takan hau matakala zuwa ɗan ɗakin da take haya a saman shagon wani tela, bayan kotun Nagpur. Kafin ta iso benci ya cika da tsofaffi, kowa rungume da leda cike da takardu. Tai muke ce mata, wato babbar yaya, har waɗanda suka girme ta. Takan sa a kawo shayi, ta goge tabarau da gefen zanen sarinta, sannan ta yi tambayar da kowa ke tsoro: "Kaka, me ka sa wa hannu?"

Shekara ashirin da shida tana bin haƙƙin 'yan fanshon da dillalan hannun jari suka yi wasa da kuɗin sallamarsu. Ƙarshen watan nan za ta daina, idanunta sun gaza. Ba wanda ya shirya mata taro, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ina kan bencin ranar da Ganpat Wankhede ya zo. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran layin dogo. Ya kwashi kuɗin sallamarsa kaf ya damƙa wa wani dillali, ya ce a sa su inda ba haɗari. Dillalin ya yi ta saye da sayarwa ba da izininsa ba, yana cin lada a kowane juyi. Kafin shekara ta zagayo, kuɗin sun narke.

"Ɗan abokina ne fa, Tai," in ji Ganpat. "Sau nawa ya ci abinci a gidana!"

"Ai ga shi ya haɗa har da tukunyar," ta ce. "Share hawayenka, Kaka, kuka ba ya shiga fayil. Miƙo takardun."

Ta rubuta wa kamfanin dillalin ƙorafi, suka yi biris. Ta kai ƙara hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, daga nan aka tura su gaban mai sasanci. A zaman, dillalin ya rantse cewa Ganpat ne yake bugo waya yana ba da umarni. Tai ta bar shi ya gama, sannan ta ajiye takardar asibiti a kan tebur. Kwana tara Ganpat ya yi a sume bayan aikin zuciya, kuma cikin kwanakin nan an yi ciniki sau arba'in da sunansa.

"Yallaɓai," ta ce, "a tambaye shi da wane baki marar lafiyan ya yi magana."

Ta yi nasara, amma kamfanin ya ɗaukaka ƙara, aka yi ta ja har shekara huɗu. Ganpat ya rage shan magani don ya yi masa tsada, ya rasu saura wata biyu a yanke hukunci. Matarsa Shantabai ce ta karɓi abin da aka dawo da shi, bai kai rabi ba. Ta daɗe tana kallon takardar bankin, ta ce wa Tai, "Da yana nan, da ya ce a sayo miki alewa."

Ni kuwa tawa ƙarar ko ƙofa ba ta shiga ba. Kunya ta sa na ɓoye asarata shekara da shekaru, har matata ba ta sani ba. Tai ta duba kwanan watan takarduna, ta ce, "Ka makara, Kaka, lokacin ƙara ya wuce. Ba zan karɓi kuɗinka in yi maka ƙarya ba. Je ka gaya wa matarka yau." Na gaya mata. Wannan ma taimako ne.

Tai, ke ce lauyar waɗanda ba su da kowa. Kin faɗi a shari'a fiye da yadda kika ci, kin bi gawar mutanenki da yawa, amma ba ki taɓa cewa kin gaji da mu ba. Mun gode.

Ku matasan lauyoyi, dillalan ba su yi ritaya ba. Akwai ƙara goma sha ɗaya da ba a kammala ba a hannunta, kuma mafi ƙuruciya cikin masu su ya haura saba'in. Wanda zai karɓa ya zo da wuri, don ba su da shekara huɗun jira.