Ranar da Na Ce wa Likita Da Sauƙi

'Yata tana da shekara huɗu, amma duk maganarta ba ta wuce "Umma" da "moya" ba, wato ruwa. A wajen Ƙiblatain a Madina muke zaune, babanta yana aiki a garin Yanbu, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Kamfaninsu ya yi mana inshorar lafiya, wadda ake kira ta'amin a nan Madina. Aka ce za su ɗauki nauyin mai koya mata magana, amma sai likita ta rubuta cewa matsalar mai tsanani ce.

Na kai ta asibiti. Larabcina na cefane ne, don haka aka kira wata nas 'yar Sudan mai jin Hausa ta yi mana tafinta. Likitar ta tambayi yadda yarinyar take a gida. Mu kuwa a gidanmu ko mutum yana gargara, in aka tambaye shi jiki, "da sauƙi" zai ce. Na ce alhamdu lillahi, da sauƙi, tana ƙoƙari. Likitar ta rubuta, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Bayan 'yan kwanaki saƙo ya shigo wayata cewa an ƙi.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Cadi, ta yi mini tatas.

"Ke 'yar nan, ta'amin bai san kunya ba," in ji ta. "Waraƙa, takarda kawai yake gani. Ki koma ki faɗi kullu shai, komai da komai."

Sai da muka yi watanni kafin layi ya sake zuwa kanmu. Wannan karon na cije na zazzage komai da Hausa: tana fitsari a wando, tana buga kanta a bango in ba a gane nufinta ba, yaran unguwa sun daina wasa da ita. Tana kan cinyata, riƙe da gefen abayata. Rashin maganarta ya sa na manta cewa babu abin da ba ta ji.

Ta saki abayar, ta sauka a hankali, ta je bayan ƙofa ta juya fuskarta ga bango. Ban taɓa jin kunyar kowa kamar yadda na ji tata ba a ranar.

An amince da takardar. Yanzu tana magana, har da tsiwa, rabi Hausa rabi Larabci. Ba ta taɓa tayar da zancen ranar ba. Amma har yau, da zarar mun doshi ƙofar asibiti, sai ta zare hannunta daga nawa.