Malama Nedyalka da Allon da Ya Ƙi Goguwa

Ranar da maƙwabciyata Malama Nedyalka ta ɓata allon lantarki a gaban malamai ɗari da ashirin, ina wurin, a kujerar ƙarshe, bakina cike da banitsa, burodinmu mai cuku a ciki. Ba wanda ya gayyace ni. Ni na kawo ta birni a motata, na ga an jera abinci a bakin ƙofa ba mai tsaro, sai na ji ashe ni ma ina da sha'awar ilimi.

Taron na koya wa malamai aiki da na'ura a aji ne, na yini guda, a babban ɗakin wani otal a Plovdiv. Mai koyarwar wani dogon Baholande ne da ake kira Mista Sander, bai san ko kalma ɗaya ta yarenmu ba. Allon kuwa kamar talabijin yake, faɗinsa ya kai ƙofar garejina, ana taɓa shi da yatsa ya amsa. Bature ya nemi wanda zai fito ya gwada rubutu. Kowa ya shiga duba takalminsa. Malama ta miƙe, don ita tun da take ba ta taɓa ganin allo a share ta wuce shi ba.

Ya miƙa mata wani ɗan tsinke na roba, ya koma can gefe wajen kwamfutarsa. Ta juya tsinken, ta duba bakinsa, ta ga ba tawada, ta ajiye. Ta buɗe jaka ta zaro nata alƙalamin, baƙi mai kaurin baki, wanda take rubuta shekara da shi a murfin kwalaben miyar tattasai duk kaka. Na san alƙalamin nan. Kwalbar da ta ba ni shekara shida da suka wuce ƙusoshi nake zubawa a ciki, rubutun na nan kamar jiya aka yi shi.

Mace ce mai ladabi, sai da ta nemi izini. Mai fassara ya fita amsa waya, don haka ta ɗaga alƙalamin ta nuna wa Bature, ta nuna allo. Bature ya zaro ido ya girgiza kai, da ƙarfi ma. To me girgiza kai yake nufi in ba "eh" ba? A ƙasar nan jinjiri ma ya sani: ka girgiza kai ka yarda, ka gyaɗa ka ƙi. Duk ɗakin mun ga mutumin ya yarda, har da zumuɗi.

Ta ce masa ta gode, ta juya. Kafin ya tsallake wayoyin da ke ƙasa ya iso, ta rubuta kwanan wata a sama ta dama, ta rubuta "Aikin aji" a tsakiya, ta ja layi a ƙasa, miƙaƙƙe kamar da rula. Hannun Malama ba ya jira.

Bature ya shafa allon da tafi, shafin ya wuce, rubutun bai bi shi ba. Taswirar Turai ta fito, "Aikin aji" na zaune a kan Jamus. Ya sake shafawa, hoton yara suna dariya ya fito, layin Malama ya ratsa haƙoransu. Wani a gabana ya fara tari irin wanda ba na mura ba. Ni ban iya irin wannan ladabin ba, sai da cuku ya biyo ta hancina.

Bari in gaya muku wace ce Malama, don kada ku ɗauka sakarya ce. A ƙauyenmu, Malko Drenovo, aka haife ta, katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da namu. Ubanta kiwon zuma yake yi. Ta tafi birni ta yi karatu, maimakon ta zauna can kamar masu hankali, ta dawo tana da shekara ashirin da biyu ta karɓi aji huɗu. A ajin nan ta same ni, kuma da aka dawo daga hutu a shekara ta gaba ta sake samuna a ciki, don ni mutum ne mai riƙon amana, ba na barin wuri da wuri. Daga aji bakwai na sallami makaranta, ko ita ta sallame ni, har yau ba mu daidaita a kan wannan ba.

Shekararta talatin da shida tana koyarwa. Mijinta ya rasu, ɗanta yana Jamus yana gyaran haƙori. Har yau in na yi mata saƙo a waya cewa akuyarta ta shigo lambuna, sai ta gyara min rubutun kafin ta zo ta kama akuyar. Ni kuma ina ce mata gidan tarihi na nemanta. Da wayar zamani ta zo hannunta, wata biyu tana tofa wa yatsa yawu kafin ta juya shafi. Abu ɗaya ne ba ta taɓa karɓa daga hannuna ba: rakiyata, barasar inabin da nake dafawa a bayan gida. Duk shekara sai na kai mata kwalba, duk shekara sai ta shinshina ta ce, "Komshu, kai wa injin nomanka." Komshu, wato maƙwabci, shi ne sunana a bakinta in tana cikin raha. In ta kira ni da sunana, Mincho, to na yi laifi.

Lokacin ina yaro mun fi ɗari biyu a makarantar. Yanzu yara tara ne, malama ɗaya, da murhun itace. A bazarar nan aka aiko daga gunduma cewa duk ƙaramar makarantar da malaminta ba shi da takardar shaidar koyarwa da na'ura, za a rufe ta, yaran su riƙa bin bas zuwa gari, kilomita ashirin da biyar a kan hanyar da ƙanƙara ke toshewa rabin hunturu. Takardar nan ta kawo mu Plovdiv tun asuba. Kuma ba a ba da ita sai mutum ya yi darasin minti biyar a kan allon nan da yamma, allon da yanzu yake ɗauke da "Aikin aji" har abada.

Mai fassara ya dawo da gudu. Tihomir ne, wanda muke ce wa Tisho, jami'in da ya shirya taron, shi ma yaron ƙauyenmu, ita ta koya masa ɗaure igiyar takalmi. Ya kalli allo, ya kalle ta, fuskarsa ta koma kamar madara.

"Malama, me kika yi?"

"Kwanan wata na rubuta, Tisho. Ko na yi kuskure ne?"

"Aro muka yi allon nan. Mutum ɗari da ashirin za su yi gwaji a kansa. In bai gogu ba, ba gwaji, in ba gwaji ba takarda. Ke kuwa ko an yi, ban san yadda zan sa hannu a taki ba."

"Ai sai da na tambayi baƙon naka."

Aka tashi hutun shayi da wuri. Aka kawo ruwa, aka kawo sabulu, wata malamar lissafi ta kawo audugar goge kwalliya. Rubutun ko gezau. Malama tana tsaye riƙe da jakarta a ƙirji. Na matso don in tsokane ta, na shirya maganata sarai, sai na ga leɓenta na motsi. Sunayen yaran take kira, ɗaya bayan ɗaya, su tara. Na haɗiye maganar, shi ne karo na farko a rayuwata, kuma ba ta yi min daɗin wucewa ba.

Can sai ta juyo. "Komshu, gubar nan taka tana but ɗin mota?"

"Wace guba? In ruwan albarka kike nufi, ba na tafiya ba shi."

"Ɗauko."

"Yau za ki fara? A gaban mutane? Malama, ki bari mu koma gida."

"Mincho."

Na tafi. Na dawo da ita a robar ruwan sha, kamar yadda kowane mutumin kirki yake ɗaukar tasa. Tana buɗe murfin, layin gaba ya ja baya, wani tsohon malamin tarihi kuma ya matso. Ta ce da ita take goge murfin kwalba in ta yi kuskuren shekara, wato kenan duk kwalaben da take cewa in kai wa injin noma akwai wadda ta ɓoye. Wannan na riƙe shi, zan yi amfani da shi nan gaba.

Ta jiƙa hankicinta, ta ɗaga, ta dubi Bature ta nuna allo. Bature ya karɓi robar ya shinshina, hawaye ya zo masa, ya yi ɗan tunani, sannan ya gyaɗa kai. Malama ta sauke hannu, ta koma gefe.

Ya sake gyaɗawa, da sauri. Ta ƙara matsawa baya.

"Ya hana," ta ce. "Allonsa ne."

Bature ya haɗa hannu biyu yana gyaɗa kai kamar kaza a kan tsaba. Na ce, "Tisho, gaya wa mutumin nan ya daina rowa, in barasar yake so zan ba shi wata."

Tihomir ya dafe goshi. "Kawu Mincho, cewa yake ta goge. Su a ƙasarsu a juye suke yi. Gyaɗawa ce eh."

Malama ta dubi Bature. "Wato ɗazu hana ni ya yi?"

"Hana ki ya yi, Malama."

"To bakinsa ciwo yake? An ɗauko mutum a jirgi ya koya mana isar da saƙo, ya kasa cewa a'a."

Tihomir bai fassara wannan ba. Ta ɗora hankici a kan "Aikin aji", ta murza sau ɗaya, harafin farko ya narke. Kafin minti uku allon ya fi yadda aka kawo shi tsabta, ɗakin kuma yana ƙamshin ɗaurin aure. Malamin tarihi ya tambaye ni inabin wane gangare ne.

Da yamma aka zo gwaji. Wasu sun nuna dutse mai aman wuta yana motsi, wasu zuciya tana bugawa. Malama ta fito ta ɗauki tsinken robar da ta raina da safe, ta duba bakinsa don ta tabbatar har yanzu ba tawada. Ta sa Tihomir ya ɗauki ɗan bidiyon Bature yana girgiza kai, da nata tana girgiza kai, aka ɗora su gefe da gefe. Ta rubuta "eh" da "a'a" a ƙasa, ta ce darasin 'yan aji biyu ne, su ja kowace kalma da yatsa su kai ta inda ta dace.

"Rabin iyayen yarana suna aiki a ƙasashen waje," in ji ta. "Wata rana za su bi su. Gara su san wannan tun a gida, kafin su ɓata wa wani allo."

Ta kira Bature ya fara gwadawa. Ya ja "a'a" ya kai ƙarƙashin hotonta, allon ya yi ƙara ya nuna ja. Ta tofa wa yatsa yawu, ta tuna, ta goge a siket, ta gyara masa. Ɗakin ya ɗauki tafi. Da aka zo raba takardu, Tihomir ya tambayi Bature ko a ba ta. Mutumin ya fara motsa kai, ya tsaya cak, ya riƙe haɓarsa da hannu, ya faɗi "eh" da baki, da yarenmu.

A hanyar gida ta ɗora takardar a cinya, ta dafe da hannu biyu kamar iska za ta shigo ta ɗauke. Na bari sai da muka fara hawa dutse, rufin makarantar ya bayyana daga nesa, sannan na gyara murya.

"Malama, a rubuta a tarihi. Masu digiri ɗari da ashirin da Bature guda sun kasa, ɗan aji bakwai ya ceci makaranta. Ya kamata a sa sunana a ƙofa. Shekara talatin kina zagin rakiyata, yau kin ga aikinta."

Ba ta ko kalle ni ba. Ta ninke hankicin ta sa a jaka.

"Na gani, komshu. Shekara biyu na yi ina rubutu a kanka, na daɗe ina mamakin abin da ya goge shi tas. Yau na sani."