Baba Matiyu da Yatsun Direbobi

Shekara talatin Baba Matiyu ya yi yana kanikanci a bayan tashar Birnin Gwari, kuma babu abin da ya ci masa tuwo a ƙwarya kamar yatsun direbobi. Direba zai zo sayen baƙin mai, ya tsoma yatsa ya murza. In ya ji danƙo kamar zuma, ya ce wannan shi ne mai. In ya ji ya tsinke, ya ce ruwa ne. Matiyu ya yi bayani har ya gaji: kowane inji da man da aka ƙera shi da shi, lambar tana nan a rubuce a kan murfi. Sai su yi dariya su ce Baba ya fara wa'azi.

Shekara huɗu da suka wuce, motar da ɗansa Micah ya shiga ta tsaya a tsakiyar daji, injinta ya cije saboda man da bai dace da shi ba. 'Yan bindigar daji suka riske su a wurin, Micah bai dawo ba. Matiyu ba ya tayar da wannan magana, sai dai tun daga lokacin ba ya barin zancen mai ya wuce shi.

Bana Usman direba ya sayo wata mota mai ɗan karen gudu, irin wadda ke ratsa dajin kafin fasinja ya gama addu'a. Ita ce motar da Mercy, 'yar Matiyu, za ta shiga zuwa makarantar koyon jinya a Kaduna. Da safen tafiyar Matiyu ya je tasha, ya buɗe gaban motar, ya zaro sandar gwajin mai. Ya daɗe yana kallonta.

"Usman, me ka zuba mata?"

"Mai kauri, Baba. Na tirela ne ma. Taɓa ka ji."

"Ba zan taɓa ba. Karanta min abin da ke kan murfin nan."

"Ai wannan don ƙasar sanyi aka rubuta. Mu nan zafi gare mu."

"Kai ka ƙera ta? Hanyoyin mai na injin nan sirara ne kamar tsinken tsintsiya. Ka ba ta kunu, kana so ta yi tsere."

Direbobin da ke zaune a benci suka tuntsire. Mercy ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, mutane na jira."

"Su jira."

Usman ya ce rana na yi, gara a shiga daji tare da ayarin motoci. Gaskiya ya faɗa, Matiyu ya sani. Duk da haka ya sauke jakar Mercy ya ajiye a ƙasa, ya ce ko dai a canja mai ko ta kwana a gida.

Usman ya yi tsaki, ya miƙa makulli.

Matiyu ya kwanta ƙarƙashin motar da rigarsa ta fita, ya tsiyaye man tas, ya canja filta, ya zuba tsinkakken da murfin ya ce. Usman da fasinjojinsa suka samu ayarin da ƙyar.

Da la'asar Mercy ta bugo waya ta ce sun isa. Matiyu ya ce to, ya ɗauki man tirelan ya shafe katakon rumfarsa da shi saboda gara. Yana cikin shafawa wani direba ya shigo, ya buɗe galan ɗin baƙin mai, ya tsoma yatsa.