Yayen Waya a Benenmu na Samaru

Abin da zan faɗa ya kwana biyu, ni kuma ba mai riƙon labari ba ne sosai. Wasu wuraren ina ganinsu tar, wasu kuwa ban sani ba ko da idona na gani, ko yawan maimaita su da muka yi ne ya sa suka zauna mini a kai. Inda nake shakka zan ce ina shakka.

Shekarar da na gama jami'a ban koma gida ba. Na ci gaba da zama a Samaru, a wani gidan haya mai bene da ɗalibai suka cika, ina neman aiki. Ɗakinmu a sama yake, ni da wani abokina da muka yi aji ɗaya tun shekarar farko. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Shi yana ce mini Ustaz, ni ina ce masa Fasto, ko da yake babu wanda ya kai sunan a cikinmu. Tukunya ɗaya muke ci. In azumi ya zo shi ke sayo mini ƙanƙara, in Lahadi ta yi ni nake goge masa riga.

A gidan nan babu inda waya ke samun sabis sai kan katangar baranda. Gajeruwa ce, iya ƙugu, samanta a shafe da siminti mai santsi. Da yamma sai ka ga wayoyi jere a kanta, masu su na gefe suna cin gasasshiyar masara suna musun ƙwallo. Har yau in na ji ƙamshin masara a kan garwashi bayan an ɗauke ruwa, barandar nan ce take faɗo mini.

Yawancinmu a shago ɗaya muka sayi waya, a Sabon Gari, wurin wata mata da kowa ke ce wa Madam. Iyayenta daga kudu suka zo, amma a Zariya aka haife ta. Ita ce ta fara kawo mana zancen inshorar waya. In ka ƙara ɗan wani abu a kan kuɗin, kamfani ya yi alkawarin ba ka sabuwa sau ɗaya idan taka ta fashe ko ta faɗa ruwa cikin shekara guda, muddin tsautsayi ne ba ganganci ba. Ni na shiga ne don tsoro, domin na san in ta fashe ba ni da halin sayen wata.

Ban san wanda ya fara abin da aka riƙa kira yaye ba, don haka ba zan ɗora wa kowa ba. Idan shekarar mutum ta kusa cika, waya ta fara nauyi, batir ya fara gajiya, sai ya kashe ƙararta ya bar ta tana karkarwa in an kira. Ya ajiye ta bakin katangar baranda ya shige ɗaki. Wani kuma ya yi ta kiranta, tana karkarwa tana matsawa a hankali, har ta faɗo ƙasa. Washegari mai ita ya je Sabon Gari ya ce, "Wallahi ban jefar da ita ba, ko taɓa ta ban yi ba." Kuma in ka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, bai yi ƙarya ba.

Da tawa shekarar ta kusa, Fasto ya fara, yana nuna wayata.

"Ustaz, yaushe za mu yi wa yarinyar nan walima? Ta yi karatu, ta gaji."

Na ce ni abin bai kwanta mini ba.

"To kuɗin da ka ba su fa? Sadaka ce?"

Na ce kuɗin kwanciyar hankali ne, kuma na samu. Na ce ina jin in kowa ya yi yaye, wata rana wanda tasa ta fashe da gaske shi za a hana.

Ya dube ni ya ce, "Kai da kamfanin nan akwai dangantaka ne? Ka faɗa mini in daina zaginsu a gabanka."

Gaskiya zancensa ya shige ni. Na ce a'a da baki, amma nakan ɗauki wayar in juya ta, in ga yadda gefenta ya koɗe, in yi tunanin sabuwa a kwalinta. Ban ƙulla komai ba. Ban kuma iya cewa tunanin bai zo ba.

Wata rana da la'asar, an gama ruwa, ina jiran saƙo daga wata makaranta da na nemi aikin koyarwa. Na ɗora wayar a kan katanga, na sauka yin alwala. Tun sallar azahar na kashe ƙararta, ban kunna ba. Ina wanke ƙafa na ji tas a bayana. Da na waiwaya, ga ta a kan siminti, gilashin ya yi raga-raga, wuta ta ɗauke.

Gidan ya ɗauki ihu. Wani daga sama ya ce, "Ustaz ya yaye!" Har da masu tafi.

Can sai ga Fasto ya shigo da ledar awara. Shi ne ya kira, daga bakin titi, wai zai tambaye ni ko a sa yaji. Da ya ga abin da ya faru ya zauna a bakin rijiya ya yi dariya har da hawaye. Na tambaye shi ko ya hango wayar kafin ya kira, domin daga wurin mai awarar ana iya ganin barandarmu. Ya ce bai gani ba. Na yarda da shi, ina jin.

Kaina ne ban yarda da shi ba. A tsakiyar katangar na ajiye ta ko a baki? Mantuwa ce ta hana ni kunna ƙarar, ko wani gefe na zuciyata ne ya yi shiru da gangan? Duk neman aikina a cikin waya yake. In ban karɓi sabuwa ba na zauna ke nan. In kuma na karɓa, ban san ko halaliyata ce ba, kuma a cikinta zan riƙa karatun Alƙur'ani, da ita zan riƙa gaida mahaifiyata.

Na sa layina a wata ƙaramar waya mai tocila da aka ara mini, na yi kwanaki ina juya maganar. Daga ƙarshe na ce zan je in faɗa wa Madam komai, ta yanke. Fasto ya ce zai raka ni don kada in sayar da gidan gaba ɗaya.

Muka hau keke mai ƙafa uku zuwa Sabon Gari. Layin masu waya a cike, kowane shago da kiɗansa, masu gyara sun sunkuya a kan teburansu. Madam tana da al'ada: duk wanda ya kawo fasasshiyar waya sai ya ba ta labarin yadda ta faɗi da bakinsa. Ba ta sa kowa rantsuwa. Takan ce ba ta son ta jefa kwastomanta wuta a kan gilashi.

"To ɗana, ina jin ka. Yaya aka yi?"

Na fara tun daga katanga. Fasto yana taka mini ƙafa, ina ci gaba. Ban ambaci sunan kowa ba, ban faɗi gidan ba, amma na bayyana mata yadda ake yaye, na ce an ba ni shawara na ƙi, na ce kuma tunanin ya zauna mini, ga shi tawa ta faɗo ta hanyar nan sak.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Ashe haka ne. Ni da nake ta cewa gidajen Samaru ba su da kyau, har ina tausayinku." Ban ga ta yi dariya ba. Ta ce mu ba mu sani ba, duk wata sai kamfani ya kira ta a kan yawan fasassun da ke fitowa daga shagonta, har sun fara maganar janye mata abin.

Ta juya ga Fasto. "Kai ne mai kiran?"

"Ni ne, Madam."

"Ka san tana kan katanga?"

"A gaban Allah ban sani ba." Sai ya ƙara da cewa, "Amma da na sani ma, da na kira."

Nan kam ta yi dariya, har wata mai sayen caja ta taya ta. Ta ce mini, "Ɗana, ni abin da zan gaya musu, ta faɗo daga bene, ba ka nan. Wannan gaskiya ne ko?" Na ce gaskiya ne. "To zuciya kuma ba ni da na'urar buɗe ta. Wanda ya yi ganganci ba ya zuwa ya tsaya mini a shago yana wannan dogon bayani, yana kore mini mutane." Sai ta nuna Fasto da biro. "Kai kuma na riƙe fuskarka. Taka in ta faɗo, ko daga sama ta bakwai ne, kada in gan ka."

Na karɓi sabuwar bayan 'yan kwanaki. Ba zan ce zuciyata ta wanke tas ba, amma na iya riƙe ta ban ji nauyi sosai ba. A kanta aka kira ni aikin da na fara yi, ba na makarantar nan ba, wani ne a wajen Hanwa. Yaye kuma, a iya sanina, ya mutu a gidanmu, don labarin cewa Madam ta gano dabarar ya riga mu komawa. Wasu sun ɗan daina yi mini magana. Fasto ya yi ta fama da tsohuwar wayarsa har muka rabu, ya ɗaure ta da roba, duk lokacin da ta mutu a tsakiyar kira sai ya ce, "Ustaz, ga aikinka."

Kwanan baya da muka yi waya ya ce ba awara ya saya ba, ƙosai ne, kuma wai Madam tun farko dariya take yi. Ni ba haka na riƙe ba. Mu da yawa ne a benen nan ranar, kuma na san wasu za su ga wannan rubutu. Duk wanda ya tuna wani abu ba yadda na faɗa ba, don Allah ya aiko mini in gyara. Musamman in akwai wanda yake baranda lokacin da na ajiye wayar, ina so ya gaya mini ko a tsakiya ya gan ta ko a baki.