Inna Yelwa, Wadda Ta Aro Gogen Gaweye

Kafin a idar da sallar asuba Inna Yelwa ta share tsakar gidanta na unguwar Maourey, ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare. Hantsi bai ɗaga ba zaure ya cika. Shekara talatin ke nan tun zuwanta daga Dogonduci, 'yar bori ce gaba da baya, ba ta taɓa ɓoyewa ba. Sai dai ba kowa take karɓa ba. Takan taɓa goshin yaro ta harari uwarsa: "Wace iska? Sauro ne! Maza wajen Esta ki karɓo magani." Esta 'yar garinsu ce, Kirista, mai aiki a gidan likita.

Ita Estar ce ta turo mata Kadi, shekara biyu bayan mun samu 'yancin kai. Kadi Bazabarma ce ta unguwar Gaweye, kogi ya cinye ɗanta tana wanki a bakin ruwa. Daga ranar ta daina magana, ta daina ci sai abin da aka ɗura mata. An auna ta, ba a ga ciwo ba, amma mace tana ƙarewa kamar sabulu a ruwa. Mijinta Hamisu ya durƙusa ya ce, "Inna, in ta tafi, biyu na rasa."

Aka sa goge. Kowace iska da nata take, in mai goge ya taɓo na wadda ta kama mutum, jikinsa ke amsawa. Kwana uku ana goga, iskokin Inna suka hau ta suka sauka, Kadi ko ƙifta ido. Maƙwabta suka fara ƙus-ƙus, wai ƙarfin tsohuwa ya ƙare. Abin ya yi mata zafi, ba ƙarya.

Rana ta huɗu Inna ta tsayar da kiɗa. "Kai, mun yi wauta! Iskar yarinyar nan ba ta jin Hausa."

Ta ɗauki goro ta taka har Gaweye, wurin zima, babban ɗan borin Zabarmawa, wanda suka shekara goma ba sa ga maciji. A gaban mutanensa ta durƙusa. "Malam, na kasa. Ara mini mai gogenka." Wa ya taɓa jin haka? Tsoho ya taso da kansa, da mai gogensa.

Da la'asar aka goga taken Harakoy, iskar Zabarmawa mai ruwa. Kafaɗun Kadi suka soma rawa. Ta miƙe zumbur, ta faɗi, ta kurma ihu da sunan ɗanta, ta yi kukan da ta riƙe wata biyu. Inna na rungume da ita har ta yi atishawa, alamar iska ta sauka. Ta buɗe ido ta ce, "Hari." Ruwa ke nan da Zabarmanci. Hamisu ya ruga randa yana kuka, ya zubar da rabin moɗa a hanya.

Inna, bana gwiwa ta ce ki zauna, kin zauna. Ke ce kika zaɓi a yi miki dariya da a ɗauki gawa daga gidanki. Giwar Maourey, mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu magani, na gida da na likita, in abu ya fi ƙarfinku ku taka ku tambaya, ƙafa ba ta karyewa.

Jiya na ga Kadi a bakin kogi tana wanki, tana yi wa 'yar da ke bayanta waƙa. Sunan yarinyar Yelwa.