Ƙullutun da na kai garkar Yaya

Ko hankalina zai gushe, ba na jin zan manta da shekarar da na ɗebi cuta da hannuna na kai garkar yayana, ina jiran ya gode mini.

An aika ni Bouza wata formasiyo, wato horo, ta kwana uku a kan noman harawa. Abu ɗaya na riƙe: ƙullutun da ke jikin saiwar wake alheri ne, taki suke bar wa ƙasa. Na dawo ƙauyenmu kusa da Karofane ina ji da kaina, kowa na gani sai na yi masa karatu.

Da na tuge wake a garkata, sai ga saiwa duk ƙullutu, manya kamar gujiya. Waken ya ɗan yi yaushi, amma na ɗora laifin a kan rana. Na cika amalanke da ƙasar wurin na nufi garkar Yaya. Saniya ɗaya gare shi, nononta yaransa ke sha, ita kuma harawar garkar nan ce ke kai ta damina.

"Bar mini ƙasata yadda Baba ya bar ta," in ji shi.

"Yaya, wagga ƙasa taki ce, a formasiyo munka koya."

Ya ƙyale ni, na barbaɗa masa a fangali fangali.

Ranin da ya biyo, wakensa ya fito ya ƙi girma. Ana ba shi ruwa da safe, kafin azahar ya langaɓe. Ganye ya yi rawaya, ƙananan ƙwari masu danƙo suka rufe shi. Muka yi feshi sau uku, kamar wanka muke yi musu.

Malamin gona ya zo ya tuge ɗaya, ya murza ƙullutun da yatsa, bai fita ba.

"Na kirki ƙanana ne, suna ɓallewa, cikinsu ja," ya ce. "Wannan kumburin saiwa ne. Wata tsutsa ce da ido ba ya gani. Ita ke huda saiwa, cuta ta samu ƙofa, shuka ta raunana, ƙwari su ƙarasa ta. Wa ya kawo baƙuwar ƙasa nan?"

Yaya bai dube ni ba. Ya ce, "Ƙaddara ce, malam."

Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Saniyar ta rame har ana tayar da ita da wutsiya, muka yanka ta saura kwanaki ruwa ya sauka. Ya aiko mini da kasona na nama, na kasa ci.

Har yau muna gaisawa lafiya lau, amma bai sake tambayata komai a kan gona ba, kuma wannan na ci mini rai. Na koyi cewa in sanina rabi ne, in gwada shi a ƙasata, kada in kai shi inda yaran wani ke cin abinci.