Ƙashin Jaki a Darasin Tausayi

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da aka koya mana tausayi a lakwal ɗin Gaya, wato makarantar boko. Zamanin Nasara ne, gab da tafiyarsu. Akwai wani ƙashin jaki da aka zura wa igiya, ana ce masa sambol. Duk wanda aka ji ya yi Hausa ko Dandanci maimakon Faransanci sai a rataya masa, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya samu wanda zai miƙa wa. Wanda aka tashi da abin a wuyansa, bulala goma ce rabonsa. Ran nan tun safe a wuyana yake.

Da yamma malaminmu, da muke ce wa mushe, ya buɗe littafi, ya ce yau zai cusa mana jin ƙai. Mutum ne mai taushin zuciya ƙwarai, shi ya sa sai da ya ajiye dorinarsa a kan tebur kafin ya fara. Labarin wani tsohon doki ne da ubangidansa ke jibga don ya kasa jan amalanke. Ni dai ba doki ne a gabana ba, bayana nake ji.

Kusa da ni akwai wani ɗan Karakara, sabon zuwa, mai raba ƙuli-ƙulinsa da ni kullum. Da aka kai inda dokin ya durƙushe, aka nuna mana hoton, sai ya fashe da kuka.

"Wayyo Allah, ya isa haka! Ku ƙyale shi mana!"

Kafin ya rufe baki na rataya masa. Ya dube ni ya ce, "Haba, aboki." Na ce masa ya yi shiru, da Faransanci tsantsa.

Mushe ya ƙarasa labarin, ya goge idonsa da hankici, sannan ya ɗauki dorina ya cika wa ɗan Karakara goma cif. Washegari muka rubuta abin da muka koya game da tausayi, ni na zo na ɗaya, har aka tafa mini. Ɗan Karakara kuwa ya gudu gida, bai sake dawowa ba. Har yau kunyar tana cin raina.

Shi ya sa in ina karanta wa jikokina labari, ba na tambayar wa ya haddace, fuskokinsu nake duba. Na koyi cewa iya amsa daban, tausayi daban. Duk ajinmu mutum ɗaya ne labarin ya shiga zuciyarsa, kuma ni na sa aka doke shi.